Gashi, Ƙashi da Mazaunin Rai

Idan tunkiya ta kwana lafiya a garke, gari ya waye aka tarar ta mutu ba a sa mata wuƙa ba, kowa a garinmu Darini ya san hukuncin namanta. Mushe ne, sai a ja ta bayan gari a bar wa angulu da karnuka. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, littattafan da muke karantawa a zaure ba su tsaya a kan nama kaɗai ba, sun bi gawar nan gaɓa-gaɓa. Gashinta, in askewa aka yi ba tugewa ba, mai tsarki ne, ana amfani da shi. Fatarta in an jeme ana iya zuba hatsi a ciki, amma ba a salla a kanta, ba a kuma sayar da ita. Ƙashi kuwa, da ƙaho da kofato da haƙori, duk sun bi nama. Haka muka tarar a Risalar Ibn Abi Zaid, malamin Ƙairawan da ya rasu a 996, da Muhtasar na Shehu Halil, kuma a kan haka muka tashi.

Ranar da na ɗauki wannan babi, na ce wa malaminmu: "Allah gafarta Malam, me ya raba gashi da ƙashi, alhali jiki ɗaya suka fito, mutuwa ɗaya ta same su?" Ya ce: "Ɗana, mutuwa ba ta sauka sai inda rai ya taɓa zama. Rai ya zauna a ƙashi, bai zauna a gashi ba." Daga nan ya ce in ja baƙi na gaba.

Gidanmu ba a rasa ganin cikin dabba, domin kawuna mahauci ne. Tun ina ƙarami ni ke riƙe masa ƙafa in zai yi fiɗa, ni ke wanke hanji, ni ke ɗaukar fata zuwa wurin masu saye ranar kasuwar Batsari. Daga baya na yi karatun kimiyyar halittu, ita nake koyar da yara yanzu a sakandare. Duk shekara in na iso babin da ke bayanin kayan da aka gina jikin dabba da su, sai amsar malam ta dawo mini. Rai ya zauna nan, bai zauna can ba. Wa ya gani? Da me aka auna?

Ba a kaina aka fara wannan tambaya ba. Ibn Rushd, alƙalin Ƙurɗuba, wanda aka haifa a 1126 ya rasu a Marrakesh a 1198, ya tsaya a kanta a cikin Bidayatul Mujtahid. Ya nuna malamai sun kasu uku: Imamu Shafi'i ya ɗauki gashi da ƙashi duka mushe, Abu Hanifa ya ce duka biyun ba mushe ba ne, Imamu Malik ya raba tsakaninsu. Sannan ya tono saiwar saɓanin, ya ce tana ga abin da kowannensu yake kira rai. Wanda ya ga girma da cin abinci su ne aikin rai, dole ya ce gashi ma rayayye ne tunda yana tsiro. Wanda ya ga rai shi ne ji, sai ya fitar da gashi da ƙashi tare, don a wurinsa babu mai ji a cikinsu. Wanda ya raba kuwa, ya tabbatar wa ƙashi ji, ya kore shi ga gashi. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne wurin da ya tsaya. Ya ce ko ƙashi yana ji ko ba ya ji, likitoci ma ba su daidaita ba. Shi kansa likita ne, ya wallafa littafi a fannin, amma bai yanke abin da bai gani ba, ya miƙa maganar ga masu binciken jiki.

Masu binciken jiki sun daɗe kafin su kawo amsa. Tun kafin Ibn Rushd, Ibn Sina ya lissafa a cikin Ƙanun wasu sassa waɗanda ko'ina ka yanko daga cikinsu sunansu ɗaya da uwarsu, irin ƙashi da guringuntsi da jijiya da tantani da tsoka, saɓanin hannu ko fuska waɗanda guntunsu ba ya amsa sunansu. A wajen 1800 wani matashin likita a Faransa, Xavier Bichat, ya ware iri 21 na waɗannan sassa, da wuƙa da tafasawa da jiƙawa, bai dogara da madubin likita ba. Ya rasu a 1802 yana da shekara 30. A 1839 Theodor Schwann na Jamus ya nuna cewa jikin dabba duka daga ƙwayoyin halitta aka haɗa shi, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu. Daga nan aka tattara lissafin Bichat ya koma manyan gidaje huɗu. Kowanne taron ƙwayoyi ne masu kama da juna, masu aiki ɗaya, ni kuma a aji nakan kira shi saƙa. Akwai saƙar shimfiɗa, da saƙar haɗi, da tsoka, da saƙar jijiyoyin saƙo. Rago, raƙumi, zakara, ɗan Adam, duk daga huɗun nan ne.

Kawuna bai taɓa jin sunan Bichat ba, amma wuƙarsa ta san iyakokin nan. In ya tsaga fata ya sa dunƙulen hannu yana turawa, wani farin abu mai yauƙi ne yake rabuwa tsakanin fata da nama, ba ya yankan ko ɗaya daga cikinsu. In ya zo fitar da kilishi, ya san ta inda zaren tsoka ya kwanta, yana bin sa, ba ya gicciye shi.

Saƙar shimfiɗa ita ce ke rufe jiki ta waje, ta kuma lulluɓe duk wani rami ta ciki, tun daga baki har tumbi da hanji da huhu. Ƙwayoyinta a matse suke da juna, babu jijiyar jini a tsakaninsu, aikinsu tsaron iyaka ne: me zai shiga jiki, me zai tsaya waje. Baƙin nan da mata ke kankarewa daga tumbi da ruwan zafi, ita ce. A hanji kwana kaɗan take yi ta zube, sabuwa ta maye gurbinta. Ita ce kuma take naɗewa ta zama mazubar abin da jiki ke tatsa, har da madara. Suratun Nahli ta ja hankalinmu ga yadda madara ke fitowa tsarkakakka daga tsakanin abin da ke cikin tumbi da jini. Abin da madubi ya nuna shi ne, shimfiɗar hanji da ta tumbi suna tsotse amfanin ciyawa su zuba a jini, shimfiɗar hantsa kuma ta tsamo daga jinin ta haɗa madara, kuma sai jini wajen lita 500 ya ratsa hantsar saniya kafin a samu lita ɗaya. Duk ƙwaryar nonon da Bafulatana ke kawowa daga rugagen gefen Dajin Rugu, aikin wannan siririyar shimfiɗa ne.

To, gashi ɗan wannan gida ne. Can ƙarƙashin fata akwai saiwa, inda ƙwayoyi rayayyu suke rabuwa suna ƙaruwa. Sababbi suna turo tsofaffi sama, tsofaffin su cika da wani sinadari mai tauri da ake kira keratin, su mutu. Silin gashin da ya leƙo waje, tun ranar da ya leƙo matacce ne, ba jini, ba jijiya. Tsiron da Imamu Shafi'i ya duba gaskiya ne, amma a saiwa ake yinsa. Shi ya sa aski ba ya zafi, tugewa ke zafi. Ka ga kuwa malamanmu sun sa sharaɗin a aske kada a tuge, domin abin da ya fito da saiwa ya ɗauko wani abu na gawar. Tumakinmu na nan, 'yan ƙasa da uda da balami, ba su da ulun da za a yi saƙa da shi, don haka hukuncin yakan zo wa yara kamar labarin wata ƙasa. Sai na tuna musu da izgar doki da gashin wutsiyar saniya.

Ƙashi kuwa ɗan gidan saƙar haɗi ne, gidan da ya fi kowanne yawan 'ya'ya da bambancin kama. A nan ƙwayoyin a warwatse suke cikin wani abu da su da kansu suka ƙera. In abin ya zama igiya, agara ke nan, wadda kawu ke rataye cinya da ita. In ya zama mai lanƙwasa, guringuntsin kunne da maƙogwaro ne. In ƙwayoyin suka cika da mai, kitse ne. In abin ya zama ruwa, jini ne, domin masana a wannan gida suke lissafa jini. Zaren da ya fi yawa a gidan ana kiransa kolajin, kuma duk mun san shi ta baki: shi ke narkewa in ganda ta daɗe a wuta, shi ke sa romon ƙafar sa ya daskare in ya kwana. Majemi ma shi yake nema. Yana jiƙa fata ya tuje gashi da shimfiɗar sama ya zubar, ya kankare nama ta ciki, abin da ya rage a tsakiya ya jeme shi da bagaruwa. Fatar jar akuyar Sakkwato da ta Maraɗi, wadda ta ratsa Sahara har Turawa suka riƙa danganta ta ga Maroko, wannan tsakiyar ce.

A ƙashi, zaren nan ya haɗu da ma'adinin kalsiyam ya yi tauri. Mu ƙashin da muka saba gani shi ne busasshe, wanda kare ya bari a juji, shi ya sa zuciya take raya mana cewa dutse ne. Amma ƙashin da ke jikin rago mai tafiya cike yake da ƙananan ɗakuna, kowanne da ƙwayar halitta rayayya a ciki. Jijiyoyin jini sun ratsa shi. Ɓargon cikinsa shi ke ƙera jini. Kullum ana rushe wani sashe nasa ana gina sabo. A bayansa akwai tantani mai yawan jijiyoyin ji, wanda duk wanda ya taɓa buga ƙwabrinsa a turmi ya san da shi. Maɗori ma shaida ne: yana jera karyayyen ƙashi ya ɗaure da karare, bayan makonni ya haɗe, kuma ba ɗaurin ne ya haɗa shi ba, ƙashin ne ya ɗinke kansa. Tambayar da Ibn Rushd ya bari a hannun likitoci ta samu amsa. Ƙashi yana ci, yana girma, yana ji. Silin gashi ba ya ko ɗaya. Layin da Imamu Malik ya ja tsakaninsu, a nan madubi ma ya ja nasa.

Na ji daɗin wannan ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Amma ba na son yadda wasu ke ɗaukar irin wannan dacewa su mai da ita sanda, suna cewa kimiyya ta gaskata mazhabarmu ta ƙaryata ta wasu. Hukuncin malaman nan a kan nassi da ijtihadi ya tsaya, ba a kan gilashi ba, kuma dacewar ma ba ta cika ko'ina ba. Dubi ƙaho. Cikinsa ƙashi ne mai jini, shi ya sa Risala ta hana layya da dabbar da ƙahonta ya karye yana zubar da jini, ta halatta in ya warke. Amma kubensa na waje, wanda wanzami ke gyarawa ya yi ƙaho da shi, keratin ne matacce, ɗan'uwan gashi. Haka bakin kofato, ana datse shi dabba ba ta ko motsa ba. Duk da haka littattafanmu sun haɗa ƙaho da kofato da ƙashi a hukunci ɗaya. Wanda ya jingina imaninsa ga madubi a kan gashi, me zai ce a kan kofato?

Kuma ba a nan gizo ke saƙa ba. Ma'aunan nan biyu da Ibn Rushd ya ambata, girma da ji, da aka shiga da su cikin jiki sosai sai kowanne ya gaza. Guringuntsi rayayye ne, amma babu jijiyar ji a cikinsa, babu ta jini. Ƙwaƙwalwa, wadda duk wani zafi a wurinta ake jinsa, ita kanta ba ta jin yanka. Jajayen ƙwayoyin jinin rago da na mutum sun zubar da cibiyarsu, ba sa haihuwa, a jikin mutum kwana 120 suke yi a share su. Saman fatar da kake shafawa in kana taya rago a kasuwa, matattun ƙwayoyi ne. Ashe rago mai rai yana yawo sanye da matattun abubuwa, wasu na mutuwa a cikinsa kowane lokaci, shi kuwa yana tuƙa abinsa lafiya lau.

Ɗaya gefen ya fi wannan girgiza mutum, kuma duk yaron da ya taɓa tsayawa wurin layya ya gan shi. An yanka rago, an feɗe, an rataye, kai yana gefe, sai ka ga naman cinya yana ɓal-ɓal shi kaɗai. In aka barbaɗa gishiri ma sai ya ƙara. Na taɓa ja da baya don tsoro, na ce: "Kawu, bai mutu ba!" Ya ce: "Ragon ya mutu, yaro. Naman ne bai mutu ba tukuna." A lokacin na ɗauka lallashi ne. Yau da shi nake buɗe darasin tsoka, don ban sami jimlar da ta fi ta daidai ba. Tsoka saƙa ce da aka yi don ta tsuke ta saki, kuma kowane zarenta yana da ɗan guzurin ƙarfi a ajiye. Muddin guzurin bai ƙare ba, in wani abu ya taɓa ta za ta amsa, ko da babu mai ba ta umarni. Luigi Galvani na Italiya ya wallafa a 1791 yadda ƙafar mataccen kwaɗo ke harbawa in lantarki ya taɓa jijiyarta. Sai bayan sa'o'i, in guzurin ya ƙare, nama yake sandarewa. Tsokar hanji, wadda ba ta bin nufin dabba ko tana raye, takan ci gaba da murɗawa a cikin tasa. Tsokar zuciya kuwa tana da nata mai kiɗa a cikinta, ana iya ciro ta tana bugawa.

Saƙa ta huɗu ita ce mafi saurin mutuwa. Jijiyoyin saƙo su ne ƙwaƙwalwa da laka da fararen zarurrukan da suka fita daga cikinsu zuwa ko'ina. Santiago Ramón y Cajal na Sifen, wanda ya raba kyautar Nobel da Camillo Golgi a 1906, shi ya nuna cewa ƙwayoyi ne ɗaiɗai masu dogayen hannuwa, kowace tana miƙa wa ta gaba. Saƙo a cikin mafi saurinsu yana wuce mita 100 a daƙiƙa ɗaya. Ba su da ajiya, in jini ya yanke musu minti kaɗan suke yi su fara lalacewa, kuma yawancinsu in sun tafi ba a mayar da su. Don haka mutuwar rago ba a lokaci ɗaya take sauka a kan saƙarsa ba. Ƙwaƙwalwa cikin mintoci, tsoka cikin sa'o'i, ƙwayoyin fata da na ƙashi su fi haka daɗewa.

A nan amsar malam ta zame mini tambaya biyu. Akwai ran da ke cikin kowace saƙa, wanda ake gani a madubi, ake iya cewa ga shi a ƙashi, babu shi a silin gashi. Akwai kuma ran ragon kansa, wannan da yake gane muryar mai ba shi dusa, yake tunkuyi, yake tsoro. Na biyun nan ban same shi a ko ɗaya daga cikin huɗun ba. Ba ya cikin tsoka, tunda tana motsi bayan ya tafi. Ba ya cikin jini, tunda ana ɗebe jinin mutum a ƙara wa wani, kowa ya zauna shi ne shi. Ba ya cikin zuciya, tunda tun 1967, da Christiaan Barnard ya dasa wa wani zuciyar wata a Cape Town, an ga mutum ya farka da zuciyar da ba tasa ba kuma bai zama wani ba. Ko ƙwaƙwalwa, wadda ta fi kowa kusa da a ce ita ce, ba ta iya minti goma ita kaɗai in huhu da jini da zuciya suka janye.

Mu mutanen yammacin Katsina mun ga wani abu da ke taimaka mini wajen fahimtar wannan, ko da yake ba da daɗi muka gan shi ba. Ƙauyuka nawa ne a ƙasar Batsari da Safana suka watse saboda ɓarayin daji? Mutanen suna nan da ransu, wani a Batsari, wani a Katsina, wani ya ƙetara Nijar. Maƙeri bai manta ƙira ba, liman bai manta karatu ba, gidaje ma wasu suna tsaye. Amma garin babu shi, domin gari shi ne maƙeri ya yi wa manomi garma, manomi ya ciyar da maƙeri, ladan ya kira kowa ya amsa. Haka nake ganin ragon da aka rataye: kowace saƙa tana nan da sauran ranta, abin da ya tafi shi ne yi wa juna aiki. Sai dai misalin yana da iyaka. Gari in an samu lafiya yana komawa, mun kuwa ga waɗanda suka koma. Rago ba ya komawa, ko da duk kayansa suna nan ba a taɓa ba. Akwai wani abu da yake riƙe da haɗin, wanda in ya saki babu mai mayarwa, kuma shi madubi bai nuna shi ba. Game da ɗan Adam, Suratul Isra'i ta gaya mana cewa ruhi al'amarin Ubangiji ne, ilimin da aka ba mu kaɗan ne. Karatun saƙar jiki bai rage mini wannan ba ko ƙwayar zarra. Abin da ya yi shi ne ya nuna mini wuraren da zan daina nema.

Malaman fiƙihu ba su ce sun ga rai ba, amma dole ta sa su nemi alamunsa, domin mai dabba yana tsaye da wuƙa yana jiran amsa. In mota ta buge saniya a hanyar Katsina, ko sa ya soke ɗan'uwansa, ko akuya ta faɗa rijiya, me ake dubawa? In dabbar maras lafiya ce aka yanka, sun ce a duba motsi mai ƙarfi. In lafiyayya ce, kwararar jini ta isa. Wato shaidar tsoka da shaidar zuciya. Sannan Malikawa suka ware raunuka biyar da suke kira makasa: yankewar laka, tarwatsewar ƙwaƙwalwa, zubowar kayan ciki, tsagewar jijiyar wuya, da hujewar hanji. In ɗaya ya auku, yanka ba ya halatta dabbar, ko da tana numfashi tana harbin ƙasa. Abu Hanifa ya fi sauƙaƙawa a nan. Dubi biyar ɗin da kyau. Biyu sun yanke saƙo, ɗaya ta yanke jini, biyu sun fasa iyakar da ke tsakanin ciki da waje. Duk wurare ne da in an taɓa, haɗin ba ya gyaruwa. Ke nan sun gane akwai halin da gaɓoɓi ke motsi alhali dabbar a hukunce ta riga ta tafi.

Wannan sani yana da nauyi a wuyan mai yanka. Yankan da Risala ta koyar shi ne a yanke maƙogwaro da jijiyoyin wuya biyu, ta gaba ba ta ƙeya ba, kada a ɗage hannu sai an gama. Manyan hanyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa a nan suke kwance, in wuƙa mai kaifi ta ratsa su tare, rago yana fita hayyacinsa cikin daƙiƙu. Saniya takan fi daɗewa, don tana da wasu hanyoyin jini ta cikin ƙashin wuya waɗanda wuƙa ba ta kaiwa. Dakusasshiyar wuƙa kuwa yaga take yi, tana tayar da jijiyoyin ji masu yawa, tana jinkirta zubar jini, dabba ta daɗe tana sane. Umarnin da Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi na a wasa wuƙa a hutar da abin yanka, da karhancin da malamai suka sa a kan fara fiɗa ko karya wuya kafin dabba ta natsu, duka a kan mintocin nan suke, lokacin da saƙar ji ba ta mutu ba tukuna. Raina yana ɓaci in na ga masu gaggawa sun fara tsaga fatar ƙafa sa yana shure-shure, ko ana wasa wuƙa a gaban idonsa, ko an ɗaure awaki an jibge a bayan babur kai yana lilo tun daga Runka. Fatarsu da tamu jijiya iri ɗaya ce a ciki. Kawuna yakan sa ƙafa ya danne, ya jira har wutsiya ta daina motsi, ko da masu saye sun taru suna ƙorafi. Yakan ce musu: "Ku yi haƙuri, bai gama ba."

Tambayar ba ta tsaya a mayanka ba, ta bi mu har asibiti. Yanzu akwai na'urar da ke hura wa mutum iska, ta riƙe huhu da zuciya suna aiki bayan ƙwaƙwalwa ta mutu mutuwar da ba ta dawowa. Jiki da ɗumi, jini yana zagayawa, gashi yana tsiro, saƙa uku suna raye, ta huɗun ta tafi daga kai. Wannan mutum rayayye ne ko matacce? Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Amman a 1986, ta ce in ƙwararrun likitoci sun tabbatar ƙwaƙwalwa ta daina aiki gaba ɗaya ba dawowa, ya mutu a shari'a, ana iya cire na'ura. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa a Makka, a 1987, ta yarda a cire na'urar, amma ta ce ba za a yanke hukuncin mutuwa ba sai zuciya da numfashi sun tsaya bayan an cire. Saɓanin nan jikan wancan ne da Ibn Rushd ya tono: ji ne rai, ko ci da girma?

Ni ba mai fatawa ba ne, amma ina da inda zuciyata ta karkata, kuma abin da na gani a hannun kawu da abin da na gani a madubi ne suka karkatar da ita. Na fahimci hujjar Amman, tana kama da maganar makasa, kuma ita ce ta ba da damar a ceci wasu da gaɓoɓin da ba su lalace ba. Duk da haka na fi natsuwa da matsayin Makka. Likita yana iya gaya mana da yaƙini cewa wannan saƙa ta mutu kuma haɗin ba zai gyaru ba, a kan haka a daina wahalar da jiki da dangi. Amma lokacin fitar ruhi ba saƙa ba ne, ba ya cikin abin da na'urarsa ke aunawa. Kuma a kan wannan lokaci ake gina abubuwa masu nauyi: daga shi matarsa za ta fara ƙirga wata huɗu da kwana goma na takaba, da shi ake sanin wa ya gaji wa in ɗa da uba suka yi haɗari a mota ɗaya. In jiran bai hana ceton wani rai ba, jira har zuciya ta tsaya bai ɗauke wa kowa haƙƙinsa ba, gaggawa kuwa tana iya ɗaukewa.